Zuwa Zariya Neman Haruffa Huɗu

Tun da na dawo daga Zariya ban huta da tambaya ba. A bakin majami'a a tare ni, a tashar kabu-kabu, baburan hayar nan, a tare ni, har ƙawata Ladi mai sayar da atamfa ta bar rumfarta ta biyo ni wurin aiki, wai sai na faɗa mata ko da gaske ne na ƙetare iyaka ni kaɗai don neman haruffa huɗu. Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na ba da labarin sai in tarar na tsallake wani abu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saratu. A Tsibiri nake zaune da maigidana da ƴaƴanmu uku, kullum da safe nake shigowa Maraɗi aiki. Ina buga takardu a shagon Mushe Sani, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye alli ya buɗe wurin fotokofi. Mushe muke ce wa malamin lakwal, daga Faransanci muka aro kalmar. Odinatar ɗaya gare mu, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa. Wani Bature mai aikin noman rani ne ya bar mana ita, lokacin da sojoji suka karɓi mulki, masu ba da taimako suka tattara kayansu suka tafi. Kafin ya tafi ya koya mini wani tsarin shirya littafi da ke cikinta, ana ce masa Latek. Ba kamar tafireta yake ba. Kana rubuta maganarka haɗe da umarni, ita kuma na'urar ta jera maka shafi tsaf kamar na maɗaba'a.

Bayan an gama girbin hatsi sai ga Baba Idi daga Jiratawa da wani tulin takardu cikin leda. Dattijo ne mai noman albasa, da girmansa ya koyi karatun boko a ajin manya. Ya ce koperatif ɗinsu, wato ƙungiyarsu ta manoman rani, za su yi babban taro, karo na farko su zaɓi shugabanninsu da kansu, su kuma amince da dokokin rabon ruwa. Da can dokokin da Faransanci suke, mutum biyu ko uku ke karantawa su fassara yadda suka ga dama. Shi da wasu suka zauna wata biyu suka mayar da su Hausa. Yana son kowane mai gona ya riƙe nasa ɗan littafi a hannu ranar taron.

Na gama bugawa kenan kuran, wato lantarki, ya yi wata irin fizga, odinatar ta mutu. Mai gyara ya tashe ta, ya sake zuba mata tsarin daga disket-disket ɗin da Baturen ya bari, waɗannan ƴan faya-fayan roba masu kusurwa huɗu da ake adana aiki a ciki. Aikina bai ɓace ba. Amma da na fitar da shafin farko sai na ga duk inda akwai ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ babu komai, harafin ya ɓace ɗungum. Ƙuri'a ta koma uri'a. Inda aka ce ba a ƙara wa kowa ruwa bayan lokacinsa, sai ya fito ba a ara wa kowa ruwa. Na'urar kuma ta yi ta rubuto mini cewa akwai wani ƙunshin haruffa da take nema ba ta gani ba. Muka zazzage akwatin Baturen kaf, babu shi.

Mushe Sani ya ce abu mai sauƙi ne, in buga b da d da k da y na kullum, mu bi da biro mu yi musu lanƙwasa kafin fotokofi. Na yi shafi biyu haka na nuna wa Baba Idi. Ya kai takardar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗiyata, wa ya taɓa wannan da biro?"

"Ni ce, Baba. Lanƙwasar kawai na ƙara."

"Ni na yarda da ke. Amma kin san zamanin da muke ciki. Kowa na zargin kowa. Waɗanda ba su son taron nan, da sun ga tawadar hannu za su ce an sauya doka bayan an rubuta. Gara a fasa da a kai wannan."

A cikin murfin littafin koyon tsarin muka ga inda Baturen ya rubuta cewa haruffan Hausa daga wurin wani Dakta Yusha'u ya samo su, malamin lissafi a Zariya. Na je gidan waya sau uku, layi bai shiga ba. Mushe Sani ba ya iya barin shago, kuma ko ya je bai san abin da zai tambaya ba. Da na faɗa wa maigidana sai ya ce, "In kin san za ki iya, tahi. Inna za ta ji da yara." Ranar Alhamis na tashi, saura kwana tara taro.

Tun a tasha gaggawata ta fara cin karo da halin hanya. Na zo da sassafe, motar Katsina ba ta cika ba sai da rana ta take. Na sauka na hau ya fi sau biyar, ina leƙen ko wani fasinja na tafe. Wata mata mai jiki da ke kusa da ni, Hajiya Rabi, mai fataucin tabarmi da turare zuwa Funtuwa, ta ce, "Ƙanwata, zauna. Zirga-zirgarki ba ta cika mota." Ta tambaye ni abin da zan saro. Na ce haruffa. Ta dube ni, ta gyara zama ta ɗan matsa gefe. Sai da na fito da shafin nan mai uri'a na nuna mata, ta yi dariya har da hawaye, daga nan muka zama abokan tafiya.

A Ɗan Isa aka duba katinmu na ƴan ƙasa, a Jibiya aka sake dubawa. Babu wanda ya kula da disket ɗin da na ɗauko a jakata don kwafo haruffan, da yake ba komai a cikinsu tukuna, ni ma ban damu ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne harshe. Hausa ɗaya muke yi, amma da na tambayi direban can ko akwai esansi a hanya sai ya ce, "Wane ne shi?" Hajiya Rabi ta ce fetur nake nufi. Kabu-kabu a can acaɓa ne. Kuran wuta ce. Mu kuma duk wanda ya ji maganarmu sai ya ce, "Ƴan Faransa ne," ni da ko Yamai sau biyu na taɓa zuwa.

Fetur ɗin kuwa babu shi. A Katsina layin motoci a gidajen mai ya yi tsawon da ban ga ƙarshensa ba, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu suna dara. Abin dariyar shi ne man da suke nema ɗin nan shi ne muke gani cikin kwalabe a kowace kusurwa ta Maraɗi. Mun samu wata tsohuwar mota mai zuwa Funtuwa, wadda a kowace gangara direban ke kashe inji don tsimi. Bayan Malumfashi ta tsaya cak. Ya ɗauki jarka ya hau bayan wani babur, ya bar mu ƙarƙashin wata tsamiya. Na ƙirga kwanakin da suka rage a yatsuna, na sake ƙirgawa, kamar za su ƙaru. Na taka har wani kwalbati na dawo, na sake komawa. Hajiya Rabi ta kwance ƙullin dambun zogalenta ta ce in ci, na ci ina tsaye.

Da magariba muka shiga Funtuwa, babu sauran motar Zariya. Hajiya Rabi ta ja ni gidan yayarta. A nan na fara cin tuwon masara da miyar kuka mai yaji irin nasu, wanda ya sa na sha ruwa moɗa uku matan gidan suna kallona. Da safe suka kawo shayi cikin wani babban kofin roba, fari fat da madara, da burodi mai laushi da zaƙi kamar cincin. Na ce musu namu burodin dogo ne kamar sanda, mai ɓawo, shayinmu kuma a ɗan ƙaramin gilashi ake sha sau uku. Yayar ta ce, "Allah sarki, ashe wahala kuke sha." Ban yi gardama ba, ina sauri.

Hantsi ya yi na isa Zariya. Makarantar da Daktan ke koyarwa a rufe take, malamai na yajin aiki, kamar dai yadda na baro namu. Na tarar da masu gadi biyu a ƙofa, na gaishe su, na ce, "Don Allah wani mushe nake nema."

Babban cikinsu ya ce, "Mushe?"

"I, mushen lissafi."

Suka dubi juna. Ƙaramin ya ce, "Baiwar Allah, nan makaranta ce. In mushe kike nema sai ki bi bayan mahauta."

Sai a lokacin na tuna abin da kalmar ke nufi a asalinta, dabbar da ta mutu ba yanka. Mu mun saba da ita tun muna lakwal har ba ma jin wannan ma'anar. Kunya ta rufe ni. Na ce malami nake nufi, Dakta Yusha'u. Babban ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce duk ranar da aka buɗe makaranta da sunan nan zai tarbi Dakta. Amma shi ne ya kwatanta wa ɗan acaɓa gidan, a wata unguwa bayan gari.

Na yi zaton zan ga mutum cikin kwat da tabarau. Wanda na tarar yana tsugune cikin kejin kaji da guntun wando, yana zuba dusa. Ya ce tun da aka shiga yajin aiki kajin nan ne ɗalibansa. Na yi masa bayani, na miƙa masa shafin. Ya goge hannu a rigarsa, ya karanta, bai yi dariya ba.

"Daga Maraɗi kika zo saboda wannan?"

"Daga Tsibiri, kusa da Maraɗi."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Malam."

Ya ce ya tuna Baturen, ya kuma ce abin da nake nema yana nan cikin kwamfutarsa, haka suke kiran odinatar. Aikin rabin sa'a ne. Sai dai kwana biyu kenan ba su ga wuta ba, kuma ba wanda ya san ranar dawowarta.

Matarsa, Hajiya Binta, malamar asibiti ce, doguwa mai ƙarancin magana. Ta kai ni ɗakin ƴarta da ke makarantar kwana. Da azahar ta yi sai ta kawo mini buta da darduma. Na ce mata na gode, amma ni Kirista ce. Ta tsaya da dardumar a hannu.

"Amma Hausarki..."

"Bagobira ce ni, Hajiya. Babana ne ya shiga addinin. Ƙannen babana duk Musulmi ne, gida ɗaya muke, da salla mu ci nasu, da Kirsimeti su ci namu."

Ta ce ita a saninta duk Kiristan da ke garin baƙo ne daga kudu, kuma tun wata fitina da aka yi kowa ya koma unguwar nasa. Ta naɗe dardumar a hankali, ta ce, "To, ki zo ki ci abinci." Sakwara ce ta doya da miyar agushi. Ban taɓa ci ba. Na yi ta tauna, ita kuma tana ce mini ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Daga ranar ba ta sake ta da maganar addini ba, sai dai ta yi ta yi mini tambaya kan Tsibiri, ko da gaske ne mu da Musulmi a maƙabarta ma ba ma nisa da juna.

Juma'a ta wuce babu wuta. Na kunna makunnin fitilar falo na bar shi a kunne, na zauna inda zan riƙa ganin ƙwan lantarkin. Na kasa zama. Na share tsakar gida, na taya Dakta kwashe ƙwai, na wanke kwanonin da aka riga aka wanke. Ina ta tunanin Baba Idi yana zuwa shago a kan kekensa yana tambaya, Mushe Sani yana ce masa ba labari. Asabar da safe na ce wa Dakta ko akwai inda ake da janareto mu ɗauki na'urar mu kai. Ya ce akwai, amma janareto ma fetur yake sha.

Ana kiran la'asar ƙwan ya kama. Dakta ya fito daga keji a guje, ko hannu bai wanke ba. Ya kunna na'urar, ya nuna mini dosiyen, wato wurin ajiyar da haruffan suke a cikinta, ya fara kwafewa cikin disket uku. Yana yi yana bayani, rabi Hausa rabi Ingilishi, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal. Da ya ga idona ya raina fata sai ya yagi takarda ya rubuta mini matakan da Hausa, ɗaya bayan ɗaya: inda zan zuba kowane fayil, da layin da zan ƙara a saman aikina don ya kira haruffan.

Ya fitar da shafin gwaji, ga ɓ, ga ɗ, ga ƙ, manya da ƙanana, sun fito kamar a littafi. Na ce, "Saura ɗaya, Malam."

"Wanne? Uku ne ai."

"Ƴ, ta ƴaƴa."

Ya ce su a Najeriya ba su da wannan, ɗan waƙafi suke sawa kafin y. Na ce mu a ajin manya da mai lanƙwasa ake koyarwa, da ita Baba Idi da mutanensa suka saba. Na ga kamar na yi tafiyar nan don kashi uku cikin huɗu. Dakta ya ce in dakata. Ya sa na'urar ta zano jadawalin duk haruffan da ke cikin ƙunshin, muka sa kai muna bi layi-layi, akwai wasu irin haruffa na harsunan da ban taɓa ji ba. Ni na fara ganinta, a wani lungu. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Shekara nawa tana cikin ɗakin nan ban taɓa kiranta ba." Ya ƙara mini umarninta a ƙasan takardar.

Ina haɗa kaya Hajiya Binta ta ce a sake kwafe wasu ukun. Dakta ya ce babu buƙata, wuta ma na iya tafiya. Ta ce, "Ka taɓa bin hanyar nan da kaya?" Ya koma ya zauna. Na biyun ta naɗe su da kanta cikin wani tsohon ɗankwali, ta sa a ƙasan kwanon sha, ta cika shi da ƙuli-ƙuli, ta ɗaure da tsumma. Ba mu fi minti goma da gamawa ba wuta ta tafi.

Lahadi da asuba na kama hanya, ban ko nemi majami'a ba, a mota na yi addu'ata. Dawowar ta fi sauƙi har muka wuce Katsina. A wani shinge kafin iyaka wani jami'i ya ce kowa ya buɗe jaka. Yana cin ƙosai ne muka iso, ya ajiye takardar ƙosan a kan bencinsa. Ya ɗago disket ɗina.

"Mene ne a ciki?"

"Haruffa ne, ranka ya daɗe."

"Haruffan me? Na siyasa?"

Na ce na Hausa ne, na nuna masa shafin gwaji. Bai gamsu ba. Ya ɗaga guda ɗaya ya duba ta a rana, ya girgiza ta a kunne. Sai ya gano ɗan ƙarfen da ke bakinta yana zamewa, ya ja shi, ya ga baƙin faifan da ke ciki. Kafin in buɗe baki ya ɗora babban yatsansa a kai ya murza. Ba mugunta ba ce, so yake ya ga ko an ɓoye wani abu. Ya mayar mini, ya ce in tafi, haruffan ma bai gan su ba. Kwanon ƙuli-ƙuli kuwa ya buɗe, ya ɗauki biyu, ya ce a gaida mutanen Faransa. Daga nan har Maraɗi kwanon na kan cinyata, hannuna biyu a kansa.

Litinin tun kafin Mushe Sani ya zo ina bakin shago. Disket ta farko ta shiga lafiya. Ta biyu na'urar ta yi ta gurnani ta ce ba ta iya karantawa, na duba na ga shatin yatsa da maiƙo. Na zazzage ƙuli-ƙulin a kan tebur na kwance ɗankwalin. Waɗannan suka shiga duka ukun. Na ƙara layin a saman aikin, na ba da umarni, sai ga saƙon nan na da ya sake fitowa, wai ba ta ga ƙunshin ba.

Na sake daga farko. Haka. Na goge na sake zubawa. Haka. Mushe Sani yana kai da kawowa a bayana, yana tambaya ko dai Daktan ya ba ni wanda ba shi ba. Baba Idi ya zo da azahar, ya jingine kekensa, ya zauna a kan benci yana jan carbi. Zaman nasa ya fi mini maganar Mushe Sani nauyi. Da la'asar kuran ya tafi. Na koma Tsibiri ban iya cin tuwo ba, maigidana ya ce in ba shi labarin Zariya, na ce ya bari tukuna.

Talata da safe na fito da takardar Dakta don in sake karantawa, na shimfiɗa ta sosai a kan tebur, na danne da hannu. A daidai inda na ninke ta, inda gumi ya jiƙa, akwai wani ɗan layi da ya shige cikin ninkin. Mataki na huɗu ne, ni kuwa daga na uku nake tsallakawa na biyar. Ya rubuta: ki sa ta sake ƙirga abin da ke cikinta, in ba haka ba ba za ta san an kawo mata baƙo ba. Umarni ne na kalma ɗaya. Na buga shi. Na sake kiran aikin. Wannan karon ba ta yi ƙorafi ba, sai ta fara zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, kowane girma daban, lambobi na ta gudu a gilashi. Ta fi sa'a biyu tana yi. Ban tashi daga kujerar ba, ina roƙon Allah kada kuran ya motsa.

Shafin farko da ya fito na miƙa wa Baba Idi. Ya kai shi kusa da ido, ya bi da yatsa har ƙasa, ya juya bayansa ya duba, ya ce, "To, a buga." Kwana uku muka yi muna fotokofi, muna ninkewa, muna ɗinkewa, har matar Mushe Sani da maigidana sai da suka sa hannu. Juma'a da yamma aka ɗaure littattafan a bayan kabu-kabu biyu.

Ban yi niyyar zuwa taron ba, Baba Idi ne ya ce sai na zo. An yi shi ƙarƙashin itatuwan mangwaro kusa da babbar magudanar ruwa, mutane sun cika har kan gaɓa. Aka raba littattafan. Waɗanda ba su iya karatu ba suka matsa kusa da waɗanda suka iya. Wani malami yana karanta doka, a tambaya ko an yarda, a ɗaga hannu. Shida suka wuce haka. Baba Idi na zaune a gaba, fuskarsa a sake.

A ta bakwai wani mutum ya miƙe daga can baya, siriri, da laka a ƙafarsa. Na ji ana ce masa Ɗan Tani. Ya ce a dakata, shi ma yana son ya karanta da bakinsa. Ya sa yatsa a kan layin, yana haɗa kalmomin da ƙyar, wasu suka fara gunaguni, bai fasa ba har ya kai aya. Dokar ta ce kowane mako daga gonakin gabas ake fara sakin ruwa.

Ya ce, "Kowane mako aka rubuta nan, ko idona ne?"

Aka ce haka ne.

"To mu na yamma, da ruwa ke iso muna bayan ya ƙare, haka za mu dawwama? Da can an ce muna tsarin injin ban ruwa ne. Yanzu ga shi na gani, ba inji ba ne, rubutu ne."

Wuri ya kaure. Baba Idi ya miƙe ya ce haka aka gada tun kafa wurin, su fassara kawai suka yi. Wani ya ce masa ai gonarsa a gabas take. Na ga maganar ta soke shi, ya koma ya zauna. Aka fi sa'a biyu ana ja, kowa na buɗe shafin yana nuna wa na kusa da shi. Daga ƙarshe aka kawo shawarar a riƙa juyawa, mako guda gabas, mako guda yamma. Aka ɗaga hannu. Na yamma suka yi rinjaye, har da wasu na gabas. Baba Idi bai ɗaga ba.

Da aka watse ya rako ni bakin hanya yana tura kekensa. Ni kuwa duk na tsargu, kamar ni na jawo masa.

Na ce, "Baba, ranka ya ɓaci?"

"Ya ɓaci mana. Albasata za ta sha ƙishirwa mako guda cikin biyu." Ya ɗan tsaya ya gyara hularsa. "Ɗan Tanin nan, benci ɗaya muka zauna a ajin manya. Ni nike riƙe mishi hannu yana rubuta sunanshi."

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, na hau. Baba Idi ya riƙe kan babur ɗin kada ya tashi.

"Litinin in kawo miki ta bakwai ɗin yadda suka gyara ta. Ki buga ta da kyau, ɗiyata, kamar sauran."